Yadda za ka zauna lafiya da ɗan makullin shiga kwamfutar ofis

Toh jama'a, duk wanda aka raba musu ɗan makullin nan mai kama da filash a ofis, irin su YubiKey, ya san takaicin. Ka taso tun daga Hotoro ka sha cunkoso a adaidaita, ka buɗe kwamfuta ta ce saka makulli, shi kuwa gogan yana gida a aljihun rigar jiya. Amma fa ba mugunta ce ta sa 'yan IT suka kawo shi ba, lambar nan da ake turowa ta tes 'yan damfara na iya kwashe ta in sun yi maka suwap ɗin layi ko sun ja ka shafin bogi, shi kuwa makullin in adireshin shafin ba na gaskiya ba ne ko kallonsa ba ya yi. A 2018 Google suka ce tun da suka wajabta wa ma'aikatansu sama da 85,000 shi a 2017 ba a ƙara sace akawun ɗin kowa ta wannan hanyar ba.

Maganin mantuwa dai ka ɗaure shi da makullin gida ko na mashin, abin da ba ka fita sai da shi. Ba batir ba caji. Sannan ka roƙi 'yan IT su yi maka rajistar na biyu ka ajiye, ni a ganina ofishin da ke ba da guda ɗaya tal shi ya jawo wa kansa surutu.

Inda mutane suka fi shiga uku shi ne PIN ɗin makullin, wato lambar sirrinsa. Ka yi kuskure sau 3 a jere sai ka zare ka sake sakawa, in ya kai sau 8 kuwa ya kulle kenan, sai an goge komai an faro rajista daga farko. Don haka in ka ga ka fara cinke ka tsaya haka nan, ka kira 'yan IT.

Wurin nan mai ruwan zinare kuma taɓawa kawai ake yi in ya fara ƙyafta wuta, yawancinsu ba zanen yatsa suke karantawa ba, ba sai ka danne shi da ƙarfi ba. Da hunturu in hannu ya bushe yakan yi gardama, ɗan shafa mai ko ka huro wa yatsan iska. Kuma kar ka riƙa wasa da shi kana rubutu, wallahi sai ya zubo maka wasu haruffa cccccc a tsakiyar saƙon oga.

In bakin kwamfutarka USB-C ne makullin kuma tsohon baki gare shi, adafta na nan a Farm Centre. Mai NFC kuwa bayan waya kawai za ka kara shi.

Za ka fita sallar azahar, zare abinka ka tafi da shi, kuma ko amininka ne kar ka ba shi aro, duk abin da aka yi da shi sunanka zai fito. In ya ɓata ka faɗa ranar, su soke shi tun kafin a tashi aiki.