Yadda zaka gano amsa in wasan cike akwati ya tambayi ɓacin rai a fuska

Jiya da dare wajen mai shayinmu nan Mabera cikin Sakkwato ƙanena ya miƙo min waya wai Yaya duba min wanga, tambayar ta ce "abin da fuska ka yi in an ji haushi", akwati 7, wato kalma mai harafi 7, wallahi har shayina ya huce muna gardama da mutanen majalisa kowa da tashi amsar.

Kar ka yi saurin rubutu, fara duba wane waje na fuska anka ambata. In ido ne harara ce, harafi 6, an gama. In baki ne akwai zumɓura akwai taɓe kuma ba ɗaya ba ne, zumɓura ta yaro ce da anka hana ma kuɗin alewa ya turo leɓe gaba kamar zai taɓo hanci, taɓe baki kuwa raini ne, irin na can ta matse maka. Yatsina ita ce in ka kurɓi jiƙon maɗaci. In fuskar ce gaba ɗaya sai ɗaure, murtuke ko turɓune, in kuma kalma biyu ake so gwada shan kunu ko shan mur. Tsaki dai ku bar shi, sauti ne, kullum sai wani ya kawo shi.

Sannan ƙirga. Wani wasan ts akwati ɗaya yake ba ta, wani biyu, kenan yatsina tana iya zama 6 ko 7. Mu Sakkwatawa kuma sai mun yi hattara don Daidaitacciyar Hausa ake bi, ka sa hushi ko huska an kada ka, fushi da fuska suke so.

Namu na jiya murtuke, turɓune, zumɓura duk 7 ne kuma duk u ne harafi na biyu, don haka munka koma kalmomin da sunka gitta. Na huɗu ya fito ɓ, murtuke ta fita. Na ƙarshe e, saura turɓune. Ƙanena ya rubuta wasan ya ƙi karɓa har sau uku, ashe b yake sawa. In allon rubutun wayarka na Hausa ne danna b ka riƙe, ɓ za ta fito.