Yadda ake zaɓen weji a wasan golf, musamman ga mai wasa a busasshiyar ƙasa

Duk sabon shigan da ya kawo mini jakarsa in duba, kafin in buɗe na san abin da zan tarar: sabon weji fil, wato sandar gajeren bugu mai ɗaga ƙwallo sama, an rubuta 60 a gindinta, digirin kwanciyar fuskarta ke nan. Ya ga shahararren ɗan wasa Phil Mickelson a talabijin yana cilla ƙwallo sama ta sauko ta zauna a bakin rami, shi ma ya ce sai ya yi. Bayan mako biyu sandar tana kwance a ƙasan jaka, shi kuma yana cewa hannunsa ne ba shi da kyau. Hannunsa lafiya lau. Sayayyar ce ya fara daga wutsiya.

Ka fara da sandar da kake da ita, wato wejin da ya zo cikin saitinka mai harafin P. Ka nemi sanin digiri nawa fuskarsa ta kwanta. Ba kasafai ake rubutawa a jikinsa ba, sai ka shiga shafin kamfanin a intanet ka duba sunan saitin. Tsofaffin saituka suna zuwa da digiri 47 ko 48, na yanzu kuwa 43 zuwa 45, wasu ma ƙasa da haka, don kamfanoni suna miƙar da fuskar sanda saboda mai saye ya ga ƙwallonsa ta ƙara nisa. Illar hakan ita ce wanda ke da P mai 44 sannan ya sayi 56 ya bar giɓin digiri 12 a tsakani. A fili wannan giɓi ya kai yadi 30, kuma a daidai wannan nisan ne za ka yi ta samun kanka kana tunanin ko ka danne wannan ko ka sassauta wancan.

Daga P sai ka riƙa ƙara digiri 4 zuwa 6. In naka 44 ne, ka bi da 50 da 56. In 46 ne, 52 da 58 sun wadatar, ko 50, 54, 58 in aljihu da nauyi. Doka ta yarda da sanda 14 ne kacal a jaka, saboda haka duk wejin da ya shigo sai wata ta fita. Ni dai ƙa'idata weji uku har da P, kuma babu 60 a shekarar farko. Kada ka yi mini gardama a kan wannan.

Yanzu ga inda ni na sha wuya, kuma inda kusan kowa a nan yake faɗawa. A gindin weji akwai lamba ta biyu, ƙarama, kamar 56 sannan 12 ko 08. Wannan ita ce bawuns. Ɗauki sandar ka dafa ta a kan siminti kamar za ka buga. Za ka ga bakin gaba mai kaifi bai taɓa ƙasa ba, tudun da ke bayansa ne ya zauna. Girman wannan tudun shi lambar take nufi. Daga 4 zuwa 6 ƙarami ne, 7 zuwa 10 matsakaici, 12 zuwa 14 babba. Aikinsa shi ne ya hana sanda nutsewa. Ɗan wasan Amurka Gene Sarazen ake dangantawa da wannan dabara: ya ƙara wa gindin sandarsa dalma don ta riƙa zamewa cikin yashi, kuma da ita ya ci gasar Birtaniya ta 1932. To amma ka lura da abin da aka ƙera ta domin shi: yashi mai laushi da ciyawa mai kauri mai danshi.

Mu kuma daga Nuwamba har zuwa faɗuwar ruwan farko, yawancin filayenmu na arewa ƙasarsu kamar daɓe take. Ka kawo tudu mai digiri 14 ka buga shi a kan daɓe, me zai faru? Sandar za ta yi tsalle, bakinta ya sari ƙwallo a ciki, ta fita a guje ta tsallake girin, wato shimfiɗaɗɗen wurin da ke kewaye da rami, ta faɗa jeji. Na yi rani guda cur ina wannan abin kunya da wata 56 mai 14 da na saya a gwanjo. Na canza tsayuwa, na canza riƙo, har na fara tunanin barin wasan. Wata rana wani dattijo cikin masu ɗaukar jaka, wanda ya fi ni shekaru a filin nesa ba kusa ba, ya karɓi sandar ya juya gindinta ya ce, "Alhaji, wannan ai ta damina ce." Ya miƙo mini wata tsohuwa mai ƙaramin tudu. Bugun farko ƙwallo ta tashi yadda ya kamata.

Saboda haka ka raba aikin gida biyu. Wejin yashi, 54 ko 56, ya zama mai bawuns 10 zuwa 12. Shi za ka shiga ramin yashi da shi, shi ne kuma na damina in ciyawa ta yi kauri ƙasa ta jiƙe. Ɗayan, ko 50 ko 52 ko 58, ya zama mai 8 ko ƙasa da haka, don ranakun hunturu da bazara. Wanda ke wasa a filin da ake ba ruwa duk shekara, irin na IBB a Abuja, zai iya tsayawa a matsakaici gaba ɗaya ya huta. Sannan ka dubi yadda kai kanka kake bugu. In kana tono ƙasa da yawa bayan ƙwallo, ƙara bawuns kaɗan a kan abin da na faɗa. In sharewa kake yi da ƙyar ka taɓa ciyawa, rage. Wani abin kuma: ramin yashin da ruwa ya daka ya bushe ya zama tamkar ƙasa, kada ka shiga da babban tudu don kawai sunansa wejin yashi. Ka murza ƙafarka tukuna ka ji taurinsa.

Haruffan da za ka gani a jikin weji samfurin Vokey, irin su F, S, M, K, suna nuna yadda aka feƙe gindin ne. Bar su tukuna. Ka ɗauki mai cikakken gindi, in ka fara iya buɗe fuskar sanda sai ka dawo mu yi maganarsu.

Sai wace sanda ga wane bugu. In kana gefen girin babu komai tsakaninka da rami, P ko ma ƙarfe mai lamba 8: ɗan taɓawa, ƙwallo ta sauka da wuri ta gangara. Wannan shi ne bugun da ya fi kowanne rage maka ƙidaya, kuma shi ne sababbi suke rainawa don ba ya burge masu kallo. 50 ko 52 na cikakken bugu ne in P ya yi yawa, da kuma ramin yashi mai nisa. 54 ko 56 na yashi da bugun yadi 30 zuwa 60. 58 kuwa sai dole: ramin yashi a gabanka, tuta a maƙale a bayansa, babu wurin gangarawa. In filinku irin wanda ake zuba yashi da mai ne a maimakon ciyawa a kewayen rami, manta da zancen ƙwallo ta ja baya, kada ma ka ɓata kuɗinka wajen neman sabuwar fuska.

Bayan ka saya, je wurin atisaye da ƙwallo goma ga kowace sanda. Cikakken bugu, sannan rabi. Auna da taku, watsar da mafi nisa da mafi kusa, rubuta na tsakiya a ɗan tef ka manna a jikin sandar.

Gwanjo ba laifi ba ne, rabin jakata daga can take. Ka ja farce a kan tsagogin fuskar, in bai kama ba ta cinye. In ka ga tsakiyar ta yi santsi kamar kwabo, ajiye. Jabun samfurin Vokey da Cleveland sun yi yawa a kasuwa, kuma farashin da ya yi araha fiye da kima shi ke tona su. Robar riƙo ana canzawa da kuɗi kaɗan, kada ta hana ka ciniki. Ka sa tsohon buroshin haƙori a aljihun jaka, ka riƙa goge tsagogin bayan kowane bugu, musamman lokacin ƙura.