Kurakuran da ke kayar da masu neman gurbin koyon tuƙin jirgin sama tun a gwajin tantancewa

Na gaji da karɓar saƙo iri ɗaya daga ƙannenmu: "Yaya, ban ci ba, kuma wallahi na yi karatu." Na yarda kun yi karatu. Ni ma na yi, wata uku ina kwana a kan littattafan fiziks da lissafi, amma na dawo gida hannu rabbana, kuɗin jirgi da na masauki da mahaifina ya haɗa da ƙyar sun bi ruwa. Sai a karo na biyu, a wata makarantar daban, Allah ya ba ni sa'a. Tun daga lokacin nake ganin yara masu kaifin ƙwaƙwalwa suna faɗawa ramukan da na faɗa, ɗaya bayan ɗaya.

Ku fara sanin dalilin gwajin. Lasisin tuƙin jirgin kasuwanci yana buƙatar awa 150 zuwa 200 a sama, gwargwadon tsarin makaranta, kuma kowace awa kuɗi ce mai nauyi. Babu kamfanin da ke son sai bayan awa 60 ya gane cewa ɗalibinsa ba zai iya ba. Shi ya sa ake tacewa tun a ƙasa, a gaban kwamfuta. Akwai gwajin DLR na cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus da ke da reshe a Hamburg, wanda Lufthansa da Turkish Airlines suka daɗe suna amfani da shi. Akwai COMPASS na ƙasar Holan, akwai PILAPT da ADAPT daga Ingila, sojan saman Ingila kuma suna da nasu da ake yi a Cranwell. Sunaye ne suka bambanta, amma abin da suke nema kusan ɗaya ne: hannu da ido su yi aiki tare, ƙwaƙwalwa ta riƙe lambobi, ka san gabas da yamma ko an juya ka, ka yi lissafi da ka, sannan ka haɗa duk waɗannan a lokaci guda ba tare da ka rikice ba.

Kuskuren farko shi ne yi wa gwajin shiri irin na WAEC ko JAMB. Mun saba da hadda, kuma hadda ta fisshe mu a wurare da yawa, amma a nan ba ta da kasuwa. Lissafin bai wuce na sakandare ba, sai dai a yawancinsu babu kalkuleta, kuma agogo yana gudu. Jirgi yana gudun mil 150 na teku a awa, minti nawa zai ci mil 40? Wanda ya saba zai ce mil biyu da rabi ne a minti, saboda haka minti 16, ya wuce. Wanda bai saba ba yana can yana jera raba-dogo a zuci. Injin yana shan kilo 2,400 na mai a awa, nawa zai sha a minti 35? Kilo 40 a minti, 1,400 ke nan. Ni a cikin adaidaita sahu na koya wa kaina wannan. Duk motar da ta gifta sai na tara lambobinta, na ninka da uku, na raba biyu, daga baya na fara karanta su daga ƙarshe zuwa farko, domin a wasu gwaje-gwajen za a yi ta karanto maka lambobi a kunne, a tsaya ba zato, a ce maimaita su da baya. Haka na yi da kamfas. Titin jirgi na filin Malam Aminu Kano ana kiransa 06 ta wannan kai, 24 ta wancan, wato digiri 060 da 240. Ƙara 200, cire 20, ka samu kishiyar. Idan lambar ta haura 180, cire 200, ƙara 20. Ku yi ta yi har ya zama kamar canjin naira ɗari a bakin ɗan tireda.

Yanzu ga wanda ya kayar da ni, kuma har yau idan na tuna raina ɓaci yake.

Akwai sashen da za a ba ka aiki uku ko huɗu a tare. Hannunka yana kan sandar tuƙi kana riƙe wani ɗigo a tsakiyar allo, ƙafafunka wani lokaci suna kan feda, kunnenka yana sauraron lambobi, a gefe kuma fitilu suna kamawa kana kashe su. Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa, to a nan uku za a zuba maka a baki da gangan, domin a ga yadda za ka yi. An tsara abin ne ya fi ƙarfin kowa. Babu wanda ke gamawa ba kuskure. Ni ban san haka ba. Ɗigon ya zame mini sau ɗaya, zuciyata ta buga, na ce yau sai na mayar da shi daidai tsakiya. Na kafa masa ido. Na mayar da shi kuwa, ya zauna ɗas. Da na ɗaga kai, fitilun gefe sun yi ja sun mutu, lambobin kunne kuma ban san adadin da suka wuce ni ba. Na ci aiki ɗaya, na zubar da biyu. Daga nan na shiga sashe na gaba ina tunanin na baya, shi ma na lalata shi. Kuskure ɗaya ya haifi goma.

Ba mugunta ce ta sa suke auna wannan ba. A watan Disamba na 1972 wani jirgin Eastern Air Lines ya faɗi a fadamar Everglades kusa da Miami, mutum 101 suka rasu. Lafiyar jirgin ƙalau. Ƙwan fitilar da ke nuna tayar gaba ta sauka ne ya mutu, duk waɗanda ke ɗakin tuƙi suka duƙufa a kansa, babu wanda ya lura jirgin yana sauka a hankali cikin duhu. Irin wannan kafewar ido ake farauta a gwajin, kuma ita na kai musu a faranti.

Maganin da ya yi mini aiki, ba a littafi na same shi ba. Na zauna wurin mai shayin unguwarmu ina kallonsa. Ƙwai yana kan wuta, yana yanka burodi, wani yana cewa a ƙara madara, wani yana jiran canji, amma ba ya tsayawa a kan ɗaya ya daɗe. Idonsa zagaye yake yi. Sai na mayar da abin ƙa'ida: daƙiƙa ɗaya ko biyu ga kowane aiki, in wuce, in dawo, ko an gyaru ko ba a gyaru ba. Na sayi sandar wasan kwamfuta mai araha, ƙanwata tana karanto mini lambobi ina tarawa da baki, hannuna yana tuƙi, agogon waya kuma yana ƙara duk bayan ɗan lokaci in kashe. Minti 40 bayan sallar Asuba, kullum, wata biyu. Na fi yarda da wannan a kan awa shida ranar Asabar, domin hannu a hankali yake koyo. Kuma na horar da kaina a kan abu ɗaya mai wuya: idan na yi kuskure, ba tsaki, ba girgiza kai, ba "kash". Ya wuce. Wasu masu koyarwa za su ce ka fara ƙware kowane aiki shi kaɗai kafin ka haɗa. Ni ban bi wannan ba, na haɗa tun makon farko, domin rikicewar ita ce abin da nake son jikina ya saba da ita.

A nan ne kuma ake yin kuskuren damƙe sandar tuƙi kamar taɓarya. Yatsu uku sun isa. Ƙaramin gyara da wuri ya fi babban gyara a makare, domin wanda ya fizga dama da ƙarfi dole ya fizga hagu, daga nan sai lilo. Ku kuma tabbatar kun san cewa a jirgi jan sanda baya ɗaga hanci yake yi, turawa gaba kuma sunkuyar da shi. Masu wasan waya da yawa hannunsu ya saba da akasin haka.

Wani kuskuren da zan tsaya a kansa ya fi shafarmu mu 'yan Arewa, kuma zan faɗa muku ba ɓoye-ɓoye. Bayan kwamfuta, wurare da yawa suna zaunar da ku rukuni, mutum huɗu zuwa shida, a ba ku matsala ku warware tare, masu tantancewa suna gefe da biro. An tarbiyyantar da mu a kan kawaici. Ba ka katse babba, ba ka musu a gaban baƙo, ka san amsa ma sai ka jira a tambaye ka. Wannan tarbiyya abin alfahari ce a zaure, amma a wannan ɗakin, abin da mai biro zai rubuta shi ne bai ce komai ba. Na ga yaron da ya fi kowa gane lissafin matsalar, ya ga rukuninsa sun ɗauki hanyar da ba za ta ɓulle ba, ya yi shiru har lokaci ya ƙare. Da na tambaye shi dalili, ya ce wanda ke jan ragamar ya girme shi. Haba! A ɗakin tuƙi wannan shirun rai yake ci. Ranar 27 ga Maris 1977 a tsibirin Tenerife, jiragen Boeing 747 guda biyu, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Injiniyan jirgin KLM ya yi shakka, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, maganar ta mutu a nan. Wannan hatsarin yana cikin dalilan da suka sa yau ake koya wa ƙarami ya buɗe baki, babba kuma ya saurara. To yaya za su ɗauki wanda tun a kan tebur ya kasa cewa "ina ganin akwai gyara a nan"?

Kada kuma ku ji wannan ku tafi ku zama masu babatu. Wanda ya hana kowa magana shi ma faɗuwa yake yi. Abin da nake sa ƙannena su yi shi ne su shiga da niyyar abu uku: su kawo shawara da hujjarta, su tambayi wanda ya yi shiru ra'ayinsa, su tuna wa rukuni sauran lokaci. Ana iya yin duk wannan cikin ladabi. Ku gwada a gida, ku yi muhawara da yayyenku da Turanci, da ƙarfi, har kunyar ta ragu. Turancin ma ba na burga ake so ba. Hukumar ICAO, mai kula da sufurin jiragen sama a duniya, ta sa mataki na 4 cikin 6 a matsayin mafi ƙaranci ga matuƙin da zai yi magana a rediyo a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa, kuma abin da ake nema a ji ka sarai, kai ma ka ji.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Tsallake bayanin da ke farkon kowane sashe saboda wai ka gan shi a manhajar atisaye: karanta, maɓallan sukan bambanta. Nacewa a kan tambaya ɗaya mai wuya alhali masu sauƙi suna jira a gaba. Cika amsa da ka-cici-ka-cici ba tare da ka duba ko ana rage maki a kan kuskure ba. Yin ƙarya a tambayoyin halayya don ka fito waliyyi: tambaya ɗaya ake juyawa ta fuskoki da yawa, kuma mai ganawa da kai yana riƙe da amsoshinka. Kwana kana atisaye daren gwaji, ko sauka daga jirgi da asuba ka wuce ɗakin jarrabawa: ba a fafe gora ranar tafiya, ka isa garin da kwana ɗaya ko biyu ka yi barci. Zuwa "don in gwada in gani" ba tare da ka tambayi sau nawa aka yarda a sake ba, domin wasu wuraren sai ka jira watanni, wasu kuma sakamakon yana bin ka. Rashin tambayar wane gwaji makarantar ke amfani da shi, ko ta Zariya ce, ko ta Ilorin, ko ta Addis Ababa, ko ta Afirka ta Kudu. Rubuta musu ka tambaya, ba laifi ba ne.

Akwai wanda na bari a ƙarshe domin ya fi duk sauran ban tausayi. Na san wanda ya ci gwajin kwamfuta, ya ci ganawa, gida aka yi murna, sannan likita ya buɗe masa littafin nan mai ɗigo-ɗigon launi na Ishihara, ya kasa ganin lambobin da ke ciki. Bai taɓa sanin idonsa ba ya rarrabe ja da kore sosai ba. Kafin ku biya kuɗin fom, kafin ku sayi sandar atisaye, ku nemi likitan da hukumar NCAA, mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya, ta amince da shi, ku yi gwajin lafiyar matuƙa na aji na ɗaya: ido, launi, kunne, zuciya, jini da fitsari. Idan makarantar a Turai take, ku tambaya tun da wuri, domin takardar lafiyar da hukumarsu ta yarda da ita za su nema, ba ta gida ba.