Yadda ake nuna lokaci da yanayi da hasken fitila a dandamalin wasan kwaikwayo

Kafin mai kula da fitilu ya rataya ko da fitila ɗaya, ya kamata ya zauna da shugaban wasa su tsayar da inda gabas take a kan dandamali. Idan an ajiye ta a hannun daman ƴan kallo, to hasken hantsi daga dama zai riƙa fitowa, na la'asar kuma daga hagu, kuma ba za a sauya ba har a tashi wasa. Mutumin Yamai da ya saba duban inuwa ya san azahar ta yi ba ya bukatar a faɗa masa lokaci, muddin inuwar ɗan wasa ta faɗi inda ya dace. A ganina wannan ya fi launi muhimmanci, ko da yake sababbin shiga kan launi suke fara rugawa.

Tsayin fitila shi ke biye. Wadda aka kafa ƙasa-ƙasa a gefe tana jan inuwa mai tsawo irin ta fitowar rana ko almuru, wadda aka rataya bisa kai kuwa tana tattara inuwa ƙarƙashin ƙafa kamar rana tsaka. Domin fuska ta fito, sai a ƙara fitilu biyu daga gaba, dama da hagu, kowace a karkace da digiri 45, ɗaya mai ɗan ja, ɗaya mai ɗan shuɗi, tsarin da Ba'amurke Stanley McCandless ya bayyana tun 1932. Fitilar halojin tana ba da haske mai ɗan rawaya, wajen 3200 a ma'aunin launin haske da ake kira kelbin, alhali na tsakar rana yana kusan 5600, saboda haka sai an sa mata ledar launi mai ɗan shuɗi kafin ta yi kama da rana. Ledar dole ta zama mai jure zafi, domin ta kasuwa narkewa take yi.

Bazara ba ta da wuya, farin haske mai ƙarfi daga sama ya wadatar. Hunturu ne ke son haƙuri, domin a cikin hazo rana ba ta da kaifi, inuwa kuma dishi-dishi take. Sai a rufe bakin fitilun da leda mai dusashe haske, a haska farin ƙyallen baya da ruwan toka mai sirkin rawaya, a rage ƙarfin hasken gefe har inuwa ta kusa ɓacewa. Injin hayaƙi yana taimakawa a cikin zaure rufaffe, amma a fili buɗaɗɗe irin na cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda da ke Yamai iska ce za ta kwashe hayaƙin. Hadarin damina kuwa daga gabas yake tasowa, ƙura ta fara turnuƙewa ja wur kafin duhu ya rufe, don haka a fara rina ɓangaren gabas da ja mai duhu, a riƙa rage sauran sannu a hankali. Walƙiya ta riga tsawa, kada a haɗa su lokaci guda.

Dare ba kashe fitilu ba ne. Ana sako shuɗi mai haske daga sama ta baya a matsayin farin wata, sannan a ajiye ƙaramin haske mai ja a ƙasa, inda ake nufin gawayin shayin samari ƴan zaman fada ko fitilar ƙwai. A kula da cewa shuɗi zalla da kore suna mayar da baƙar fata kamar an shafa mata toka, saboda haka kada a raba fuska da ɗan haske ruwan zuma daga gaba.

Wuri ma da haske ake gina shi. Farantin ƙarfe da aka huhhuda, idan aka zura shi cikin fitila mai madubin tattara haske, yana zuba inuwar ganye kamar ana gindin dogon yaro. Zaure kuwa haske ɗaya siriri daga wajen ƙofa ya ishe shi. A yi gwaji bayan magariba da tufafin da za a sa ranar wasa, a rubuta kowane sauyi kusa da kalmar da za a yi shi a kanta, kuma a lissafa wat ɗin fitilun duka a tabbata janareta zai ɗauka.