Yadda za ka aika ainihin takardar wasiyya ta gidan waya a Ingila

A Ingila da Wales, in mamaci ya bar wasiyya, galibi kotu ba ta ba ka izinin raba gadonsa sai ta ga ainihin wasiyyar da ya sa wa hannu. In ainihin takardar na nan, kwafi ba ya wadatarwa, kuma in ta tafi ba za a dawo maka da ita ba.

1. Ɗauki hoton kowane shafi, ka adana.

2. Kada ka cire ƙarfen da ya haɗa shafukan, ko da zai sauƙaƙa maka ɗaukar hoton. Nan ne da yawa ke faɗawa. Ƴan huji biyu a kusurwar takarda sun isa su sa a yi zargin an zare wani shafi, sai kotu ta nemi bayani a rubuce, aiki ya tsaya. Kada kuma ka maƙala mata komai ko ka yi rubutu a kanta.

3. Rubuta lambar buƙatarka, wato lambar da aka ba ka lokacin da ka nemi izinin raba gadon, a wata takarda daban, ka sa su tare cikin ambulan mai kauri, ba tare da naɗewa ba.

4. Aika zuwa ofishin HMCTS Probate, wato sashen kotu mai ba da izinin raba gado, da ke garin Harlow, ta tsarin Special Delivery na gidan wayar Royal Mail, wanda sai an sa hannu ake karɓa.

5. Riƙe rasit ɗin, da lambarsa za ka bi sawun saƙon a intanet.