Kafin ka biya kuɗin fom: kurakuran masu neman shaidar malanta

Da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito, ko aka ji ƙishin-ƙishin gwamnatin jiha za ta ɗauki malamai, sai tallar kwas ɗin malanta ta cika WhatsApp da Facebook. Wannan ya ce NCE, wato shaidar malanta ta ƙasa, cikin shekara ɗaya, wancan ya ce ba sai ka zo aji ba, wani kuma ya ce kana gamawa ofa na jiranka. Na daɗe ina koyarwa a firamare, kuma na ga wadda ta sayar da keken ɗinkinta ta biya irin wannan kwas, ta yi shekara biyu tana zuwa Asabar da Lahadi, ranar tantancewa aka mayar mata da takardarta aka ce ba a san makarantar ba. Har yau abin yana min ciwo, domin tambaya ɗaya tun farko da ta ishe ta.

Tambayar ita ce: wa ya ba ku izini? Rashin yin ta shi ne babban kuskure, sauran duk 'ya'yansa ne. A Najeriya kwalejojin ilimi, na tarayya ne ko na jiha ko masu zaman kansu, suna ƙarƙashin hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989. Digirin ilimi kuma NUC, hukumar jami'o'i ta ƙasa, ke kula da shi. Akwai kuma NTI, cibiyar malamai ta ƙasa da ke Kaduna, wadda tun 1976 take horar da malamai, kuma tana da cibiyoyin karatu daga nesa a jihohi. Kwaleji mai zaman kanta ba laifi ba ce muddin tana da izini. Amma allo mai sheƙi a bakin titi da hoton ɗalibai sanye da rigar yaye ba izini ba ne. A 2025 NCCE ta sanar da gano kwalejoji 22 na bogi ta kuma rufe su, kuma kowacce da ɗalibanta da suka riga suka biya. Jerin kwalejojin da aka amince da su yana shafin hukumar a intanet. Ka duba da idonka, kada ka yarda da hoton takardar da mai talla ya turo maka.

A nan ne masu wayo ke da wata dabara. Sai su ari azuzuwa biyu a wata makarantar unguwa, su ce ai mu reshe ne na kwaleji kaza, ko muna ƙarƙashin jami'a kaza. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kuma alaƙar ta mutu tuntuni, ko ba a taɓa ƙulla ta ba. Maganin abin kuɗin mota ne. Ka je uwar makarantar, ka shiga ofishin magatakarda, ka ambaci sunan cibiyar da unguwar da take, ka ji abin da za a ce maka. Ka kuma tambayi kwas ɗin da kake so, domin amincewa kwas-kwas ake yin ta. Kwaleji tana iya samun izinin Hausa da Larabci da Addinin Musulunci, amma ba ta da na kimiyya saboda ba ta da ɗakin gwaje-gwaje.

Sai son gaggawa. NCE shekara uku ce ga ɗalibin cikakken lokaci, na hutu da na ƙarshen mako kuwa sukan fi haka. Duk wanda ya ce zai matse maka ita cikin wata tara, takarda zai sayar maka, ba karatu ba. Mutane ba su manta da binciken ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ba, wanda a ƙarshen 2023 ya nuna yadda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, abin ya shafi har da waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah.

Wanda ya fi damuna shi ne yadda ɗalibai ke murna idan aka ce musu za a ɗauke musu koyarwar gwaji, wato TP, ko za a cike musu fom ɗinta a ofis. Suna ganin rangwame ne, alhali zuciyar kwas ɗin aka cire. A TP ne kake fara tsayawa gaban yara saba'in ko fiye, wasu a kan tabarma, wani na kuka, wani ya yi barci, alli ya ƙare. A nan kake koyon rubuta tsarin darasi, da yadda za ka maimaita abu sau uku ba tare da ka ɗaga bulala ba, da yadda za ka gane yaron da ke gyaɗa kai alhali bai fahimta ba. Malami mai duba ka zai zauna a bayan aji ya rubuta kurakuranka, ya gaya maka su, ranka ya ɓaci, washegari ka gyara. Ba littafin da zai ba ka wannan. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun makin da aka gindaya. An yi ta jayayya a kan adalcin jarrabawar, amma wani abu ya fito fili: takarda a jaka ba ta tsare kujerar kowa ba. Don haka ka tambayi makarantar a ina ɗalibanta na bara suka yi TP, tsawon wane lokaci, kuma sau nawa aka je duba su. Idan aka fara kame-kame, ka sami amsarka.

Alkawarin aiki kuwa romon baka ne. SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da hukumomin ɗaukar malamai na jihohi su ke ba da ofa, ba mai makaranta ba, komai yawan manyan da yake cewa ya sani. Haka ma rajistar TRCN, hukumar da dokar 1993 ta kafa don rajistar malamai. Jarrabawa ce ta kwamfuta da za ka zauna da kanka, ba abin da ake haɗawa cikin kuɗin makaranta a miƙo maka a ambulan ba.

Batun kuɗi gajere ne. Kada ka tura ko sisi asusun wani mutum, ko da an ce shi ne kodineta. Makarantun tarayya ta Remita ake biyan su, saura kuma ta asusun da ke ɗauke da sunan makarantar, kuma da rasit. Ka nemi a rubuta maka jimillar kuɗin tun daga fom har karɓar sakamako, da na TP da na jarrabawa da na furojet, domin araha a bakin ƙofa takan zama tsada a tsakar gida. Idan aka ce saura gurbi uku kuma yau za a rufe, ka tafi gida ka kwana. Idan kwaleji ce ta ba ka gurbin NCE, ka tabbatar sunanka ya shiga rajistar JAMB, don kada ka sha wahala ranar da za ka nemi shiga jami'a kai tsaye.

Akwai kuma masu ɗaukar kwas ɗin da bai dace da su ba. Mai digiri ko HND a wani fanni ba ya buƙatar komawa NCE, PGDE ko PDE ce tasa, wato difloma a fannin koyarwa. Gajerun kwasa-kwasan intanet na mako biyu ko wata ɗaya suna ƙara wa malami dabara, ni ma ina yin su, amma ba sa maye gurbin NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a tsarin ilimin ƙasar nan.

Idan kuwa ka riga ka shiga, kuma zuciyarka ta fara raya maka wani abu, ka dakatar da biyan kuɗin zango na gaba har sai ka bincika. Ka tattara rasit da takardar gurbi da saƙonnin da aka turo maka, ku haɗu da 'yan ajinku ku rubuta wa NCCE ko ma'aikatar ilimi ta jiha, ku sa hannu tare. Ka kuma nemi wani da ya gama a wurin shekara biyu ko uku da suka wuce, wanda kai ka nemo ba wanda makarantar ta haɗa ka da shi ba, ka tambaye shi ko ya karɓi sakamakonsa, kuma ko TRCN ta yi masa rajista da shi.