Yadda ake yi wa ƙwararru tambaya a intanet har a samu amsa

In lokacin furojet ya matso, za ka ga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru da na Kongo da na Kwalejin Nuhu Bamalli sun duƙufa kan waya da laftof, kowa da abin da ya cije masa. Wani lissafin ƙididdiga ne ya ƙi fita, wata kuma manhajar da take rubutawa ce ta tsaya cak. Sai a gaya musu ai akwai wuraren da ƙwararru ke amsa tambaya kyauta a intanet. Mutum ya je ya rubuta tasa, ya wuni ya kwana shiru, ko ya tarar an rufe tambayar ba tare da an ce masa ci kanka ba. Daga nan sai ya dawo yana cewa mutanen can girman kai ne da su. Ina koyar da matasa yaren kwamfuta na Python da sarrafa bayanai da yamma a nan Zariya, kuma irin waɗannan tambayoyi da yawa sun bi ta hannuna. Abin da nake gani kusan kullum shi ne tambayar ce ba ta amsuwa. Wanda zai amsa maka bai san ka ba, ba ya ganin allon kwamfutarka, kuma ba biyansa ake yi ba. Abin da ka ajiye masa a gaba, shi kaɗai yake da shi.

Na ɗauka ka iya buɗe asusu da imel, don haka ba zan tsaya a kan wannan ba.

Da farko ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Stack Overflow, wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa a 2008, na masu rubuta manhaja ne kawai. Daga jikinsa aka samu Stack Exchange, mai shafuka sama da 170, kowanne da fanninsa: Cross Validated na ƙididdiga ne, akwai na lissafi, na injiniyan lantarki, na taswira, har da na masu tsara kundin digiri da manhajar tsara rubutu ta LaTeX. Duk waɗannan suna son tambaya mai amsa tsayayyiya. In ka tambaye su wane yaren kwamfuta ya fi kawo kuɗi, rufewa za su yi, domin wannan ra'ayi ne. Irin wannan ka kai ta Quora, wanda aka kafa a 2009, can ne ake baje kolin ra'ayi da labarin abin da mutum ya gani a aikinsa. Masu aikin ɗakin gwaji da ke neman yadda ake gudanar da wani bincike su gwada ResearchGate, dandalin masana masu bincike. Amma fa in tambayarka ta gida ce, misali wuta-wuta ta addabi dawarka a Giwa ko tsutsa ta shiga masararka a Soba, ban ga dalilin da za ka jira wani mutumin Jamus ba alhali cibiyar binciken aikin gona ta IAR da cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS suna nan Samaru, kuɗin keke Napep kawai za ka kashe.

Na biyu, bincika kafin ka tambaya. Kwafi saƙon kuskuren da kwamfuta ta nuna maka kalma da kalma, ka cire sunan fayil ɗinka da sunanka, ka liƙa a Google. Stack Overflow ya tara tambayoyi sama da miliyan 20, don haka da wuya sabon shiga ya ci karo da abin da ba a taɓa tambaya ba. In ka maimaita tsohuwar tambaya, za a rufe taka a nuna maka waccan. Wannan ba cin fuska ba ne, amsar aka miƙa maka. In kuwa ka karanta waccan ɗin ba ta yi maka aiki ba, ajiye adireshinta, za ka buƙace shi nan gaba.

Mataki na uku shi ne inda kusan kowa ke faɗuwa, kuma a nan zan daɗe: ka rage matsalar har ta zama 'yar ƙarama, yadda baƙo zai iya ɗaukarta ya gwada a kwamfutarsa cikin minti biyu ya ga abin da ka gani.

Bari in nuna da misali. Wata ɗaliba ta tara bayanan mutane sama da 400 daga unguwannin Zariya, ta shigar a Excel, ta adana a matsayin CSV, wato fayil ɗin bayanai na rubutu zalla, sannan ta buɗe da Python. Duk inda aka rubuta Ƙofar Doka sai ya fito ?ofar Doka, Ɗanmagaji ya koma ?anmagaji. Tambayar da ta shirya turawa ita ce hoton allon laftof da ta ɗauka da waya, a karkace, hasken taga ya cinye rabin rubutun, a ƙasa ta rubuta da Turanci cewa Python ya lalata mata bayanai, a taimaka da gaggawa, jibi za ta miƙa aiki. Ta ce da ni, "Malam, don Allah duba min Turancin kafin in tura." Na ce mata Turancin ba shi da laifi, mu fara da fayil ɗin tukuna.

Ga abin da muka yi, kuma shi nake so ka riƙa yi. Mun kwafi fayil ɗin zuwa wani sabo, domin ba a taɓa na asali. Mun share duk layuka sai uku: Ƙofar Doka, Ɗanmagaji da Tudun Wada. Biyu masu matsala, ɗaya lafiyayye, saboda mai amsa ya ga bambanci. Mun share duk ginshiƙai sai na sunan unguwa. A ɓangaren Python kuma, rubutunta ya kai shafi uku, da zane-zane da lissafin kaso da sauransu. Muka riƙa cire rabi muna sake gwadawa. In matsalar tana nan, abin da muka cire ba shi da hannu. In ta ɓace, to tana cikin abin da muka cire, sai mu maido shi mu cire ɗaya rabin. A haka muka dawo layi biyu kacal, ɗaya na buɗe fayil, ɗaya na nuna abin da ke ciki, kuma alamar tambayar tana nan daram.

Da abin ya zama ƙarami haka, sai tambaya ta gaba ta zo da kanta: shin Python ne ya ɓata haruffan, ko a ɓace ya same su? Na ce ta buɗe fayil ɗin da Notepad. Ga ?ofar Doka nan zaune tun kafin Python ya taɓa shi. Ashe a wurin adanawa aka yi ɓarnar. CSV na gama-gari a Excel yana amfani da tsohon tsarin haruffa na Windows wanda babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa, sai ya maye gurbinsu da alamar tambaya. Cikin jerin nau'o'in adanawa akwai wanda aka rubuta CSV UTF-8, shi ne ke riƙe haruffanmu. Ta koma kan fayil ɗin Excel na asali, ta sake adanawa da shi, magana ta ƙare. Ba ta ma tura tambayar ba.

Haka abin yake faruwa sau da yawa, wajen rage matsala ake cin karo da maganinta. In ma ba a ci karo da shi ba, yanzu kana da tambayar da za a amsa cikin sauri, domin layi uku na bayanai da layi biyu na manhaja kowa zai iya gwadawa. Ka lura kuma da abin da ya so ya faru: ta riga ta yanke wa Python hukunci, da ta tura a haka da masu amsa sun bi ta can suna ta laluben abin da babu. Ka faɗi abin da idonka ya gani, ka ware shi daga abin da kake zato. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin da yatsa kafin mai gyara ya hau.

Wannan ba na masu kwamfuta kaɗai ba ne. Mai haɗa sola da batirinsa ba ya kai dare ya faɗi ƙarfin faifan, girman batirin, irin na'urar cajin, kayan da ya jona, da abin da mita ta nuna da rana da kuma bayan magariba. Mai ƙididdiga ya faɗi yawan mutanen da ya tambaya, irin bayanan, gwajin da ya yi da dalilin zaɓensa. "Ba ya aiki" ba bayani ba ne a kowane fanni.

Na huɗu, rubutun kansa. Kan tambaya ka rubuta shi a ƙarshe, bayan ka gama jikin, kuma ya faɗi matsalar ƙarara, kamar a ce haruffan Hausa masu lanƙwasa suna komawa alamar tambaya in an adana CSV daga Excel. Kada ka sa "taimako" ko "gaggawa" a ciki. Ranar miƙa aikinka ba ta shafi kowa a can ba, kuma ambatonta na sa wasu su wuce. A jikin tambayar ka jera abu huɗu: abin da kake son yi, abin da ka yi, abin da ka sa ran gani, da abin da ya fito. Ka faɗi sigar manhajar da kake amfani da ita da irin Windows ɗinka. In akwai tsohuwar tambaya mai kama da taka, sa adireshinta ka faɗi dalilin da amsarta ba ta yi maka ba. Lakabi biyar, wato kalmomin da ke nuna fannin tambaya, aka yarda ka liƙa mata, ni biyu ko uku na gaskiya sun ishe ni.

Dokata ce ga duk wanda nake koyarwa: ba a tura hoton rubutu. Kwafa za ka yi ka liƙa. Ba a iya kwafar rubutu daga hoto a gwada, injin bincike ba ya kai na baya gare shi, ga cin data a banza.

Sai batun gaisuwa, wanda ya fi yi mana nauyi. Mu ba ma shiga magana sai da sallama da tambayar gida da aiki. A Stack Overflow kuwa gaisuwa da godiya a jikin tambaya sharewa ake yi, domin suna kallon kowace tambaya a matsayin shafin da dubban mutane za su karanta daga baya. Ka bi al'adar gidan da ka shiga. A guruf ɗin WhatsApp ko Telegram na injiniyoyi ko malaman gona na gida, yi sallamarka, ka ce Injiniya ko Dakta ko ranka ya daɗe yadda ya dace, amma ka haɗa gaisuwar da tambayar a saƙo ɗaya. Kada ka rubuta "Salam, ina da tambaya" ka zauna jiran a ce bismillah.

Turancinka ba sai ya yi kyau ba. Gajerun jimloli sun isa, kuma akwai masu gyara rubutun wasu a can. Kada ka ba ChatGPT ya rubuta maka, domin tun Disamba 2022 Stack Overflow ya hana liƙa rubutun da irin waɗannan manhajoji suka samar.

Kafin ka danna tura, sake karantawa ka cire sirri. Sunayen mutanen da ka yi wa tambayoyi, lambobin wayarsu, kalmar sirri, lambar asusun banki, duk ka musanya su da na bogi. Ma'aikatan lafiya su fi kowa kiyayewa, kada sunan majiyyaci ko lambar katinsa ko fuskarsa su fita. Najeriya na da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kuma ko babu doka amana ce aka ba ka. Ka sani kuma abin da ka rubuta a Stack Exchange yana fita ne da lasisin da ya ba kowa damar kwafa, kuma da zarar an ba ka amsar da ta samu ƙuri'ar yabo daga masu karatu, ba za ka iya share tambayar da kanka ba.

Na biyar, lokaci. Ni na fi son safiyar ranar aiki, lokacin da wayarka ke da caji kuma datarka ba ta kusa ƙarewa ba. Sa'ar farko ita ce mai tsada, a lokacin ne tambayar ke saman jeri kuma masu amsa ke neman ƙarin bayani. Kada ka tura ana shirin tafiya masallacin Juma'a, ko batirinka na kashi biyar an ɗauke wuta. In an tambaye ka wani abu, ka gyara jikin tambayar ka ƙara shi a can, yadda kowa zai gani.

Saura kaɗan. In amsa ta zo, gwada ta a kan ƙaramin misalin kafin ka kai ta babban aikin. In ta yi, danna alamar amincewa da ke gefenta: mai amsar zai samu maki 15 cikin makin daraja da shafin ke tara wa kowa, kai ka samu 2, na baya kuma su san wadda ta yi aiki. In kai ka gano maganin da kanka, rubuta shi a matsayin amsa, an yarda da haka. In kwana biyu sun wuce shiru kuma kana da maki 75, kana iya sa tukwici daga makinka, mafi ƙaranci 50, don jawo hankali. In an rufe tambayar, karanta dalilin da aka rubuta a samanta ka gyara daidai da shi. Kada ka share ta ka sake turo irinta, domin tambayoyin da aka share ma ana lissafa su, kuma in marasa kyau suka taru, shafin kan dakatar da asusunka daga yin tambaya.